Shin hukumar ruwa na da ikon bai wa kamfanin wuta hanyar bututun da ya ratsa gonarmu?

"Assalamu alaikum Barista. A farkon shekarun 1980 hukumar ruwa ta jiharmu ta binne babban bututu da ya ratsa gonar mahaifinmu daga gabas zuwa yamma. An biya shi kuɗin amfanin gonar da aka ɓata da na wasu itatuwa, aka ce kada ya yi gini ko ya dasa bishiya a kan layin, wanda faɗinsa bai wuce taku goma sha biyu ba. Tun daga lokacin muna noma a kai, babu wanda ya hana mu. Bana bayan girbi sai ga 'yan safiyo suna kafa turaku masu jan fenti. Da muka tambaya suka ce wani kamfanin wutar sola ne zai ja layinsa zuwa gari, kuma hukumar ruwa ta ba shi takardar izinin bin hanyar bututunta, don haka ba mu da diyya tunda wurin na hukuma ne. Mahaifinmu ya rasu, mu magada tara ne. Shin hukumar ruwa na da ikon yin haka? Kuma bai kamata a yi dokar da za ta taka wa irin wannan birki ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haɗa kanku. Tambayoyi biyu ka yi. Ta farko ta gonarku ce: wanda aka bai wa hanya don ya wuce da ruwa, zai iya miƙa wannan hanyar ga wani ya wuce da wuta ba tare da ya koma wurin mai gona ba? Ta biyu ta shafi kowa: ko ya dace majalisa ta rubuta wa hukumomin ruwa iyaka a kan haka. Amsata ga ta farko, idan abin yana nan kamar yadda ka faɗa, ita ce hukumar ta ba da abin da ba nata ba. Amsata ga ta biyu ita ce e, a sa iyaka, amma ba a haramta abin ɗungurungum ba. Duka biyun suna buƙatar bayani, kuma akwai wata takarda da za ta iya juya amsar farko gaba ɗaya.

Me hukumar ta karɓa daga hannun mahaifinku?

A nan maganar take. Hukuma na shiga gonar mutum ta hanya biyu, kuma mutanenmu sukan kira su duka da "gwamnati ta karɓe", alhali ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ƙwace haƙƙin mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin wanda ke kan fili idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya. Ana yin haka da sanarwa a rubuce da aka miƙa wa mai filin, a biya shi diyya bisa sashe na 29, daga nan filin ya fita daga hannunsa. Haka ake samar da wurin matatar ruwa, da tankunan ajiya, da gidan injinan tura ruwa. Irin waɗannan wurare za ka gan su da katanga ko waya, ba mai shuka ko kuɓewa a ciki.

Ta biyu ita ce haƙƙin wucewa. Gona tana nan ta mai ita, hukuma ta samu izinin abu guda: ta binne bututu, ta riƙa shigowa duba shi da gyara shi, mai gona kuma ya yarda ba zai yi abin da zai cutar da bututun ba. Tsarin mulkin 1999 ya san da wannan. Sashe na 44 da ya hana karɓe dukiyar mutum ba diyya, ya bar ƙofa ga dokar da ta ba hukuma damar shiga fili ta yi awo, ta haƙa, ta shimfiɗa bututu ko ta kafa turaku don ruwa, wuta, mai ko sadarwa, da sharaɗin a biya ɓarnar gini, itatuwa masu amfani da shuka ba tare da jinkiri ba. Ka lura, ɓarna ake biya a nan, ba a sayi ƙasa ba.

Duba abin da ka gaya mini. An biya kuɗin amfanin gona da itatuwa, an gindaya sharaɗin kada a yi gini, kun ci gaba da noma sama da shekara arba'in. Da ƙasar ta zama ta hukuma, me zai sa a kafa wa mahaifinku sharaɗi a kanta? Ba a gaya wa mutum abin da zai yi da abin da ba zai yi ba a filin da ya riga ya bar hannunsa. Sharaɗin nan da kansa shaida ce cewa gonar tana hannunsa.

Idan ina yi wa manoma bayanin wannan nakan kawo musu burtali. Makiyayi na da haƙƙin ya bi burtali da shanunsa, ba mai tare shi. Amma ba a taɓa jin makiyayi ya yanka burtali ya ba wani hayarsa ya kafa injin niƙa ba, domin abin da yake da shi wucewa ce, wucewar ma ta shanu. Haƙƙin wucewa yana ɗaure da dalilin da ya sa aka ba da shi. Idan dalilin ya canza, ko nauyin da ke kan gona ya ƙaru, sai an koma wurin mai gona.

Na taɓa riƙe wata magana mai kama da taku, sai dai a can wayar sadarwa ce aka so binnewa. Mun yi mako uku muna zirga-zirga kafin wani tsohon ma'aikaci ya zaro mana fayil ɗin daga ƙasan wani kabad. Gara ta cinye gefensa, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. Abin da ya rage shafi biyu ne: jerin sunayen manoma da dangwalen yatsunsu, a gaban kowa an rubuta abin da aka biya shi, wane dawa, wane ɗorawa biyu, wane mangwaro uku, sai kuma layi ɗaya a sama da ke cewa biyan ɓarna ne saboda shimfiɗa babban bututun ruwa. Babu sanarwar soke mallaka, babu lambar gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta a ciki. Da lauyan kamfanin ya karanta wannan layin sau biyu, sai ya rufe fayil ɗin ya tambaye ni yaushe za mu zauna da mutanen. Ba mu je kotu ba.

Na kuma riƙe wata da ta zo akasin haka, kuma dole in faɗa maka ita. Magada sun zo da irin labarinku, muka bincika, sai ga sanarwar soke mallaka da sa hannun mahaifinsu cewa ya karɓa, da taswirar da ta nuna an yanke zirin daga gonar. Noman da suke yi a kai kawaici ne kawai hukumar ta yi musu. Na gaya musu gaskiya, ransu bai so ba. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa yana rataye da abin da fayil ɗinku zai nuna, ni kuwa ban gan shi ba.

Me ya sa abin ke yawaita yanzu?

Saboda hanya ta yi tsada. Duk mai son jan layin wuta ko bututun gas, babban ciwon kansa ba ƙarfe da waya ba ne, mutanen da ke kan hanya ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, tsawonsa kilomita 614 ne, ka ƙiyasta gonaki nawa ya ratsa. Ana sa ran daga jikinsa ƙananan bututu za su fita zuwa masana'antu da tashoshin wuta, kowanne na neman hanya. A ɓangaren lantarki kuma, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun buɗe wa jihohi da 'yan kasuwa ƙofar samar da wuta da rarraba ta. Gonakin sola irin ta megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a Janairun 2023 ana kafa su ne a bayan gari inda akwai fili, wutar kuma a cikin gari ake buƙatarta. To wace hanya ce shararriya, miƙaƙƙiya, mara gini, da ta taso daga bayan gari ta shiga tsakiyarsa? Hanyar babban bututun ruwa.

Ita kuma hukumar ruwa, a yawancin jihohinmu kuɗin da take tarawa daga masu famfo ba ya isar ta sayen alam da kulorin da man injin, balle bashin wutar da ke kanta. Idan kamfani ya zo ya ce zai biya haya duk shekara, ko zai ba matatarta wuta a farashi mai sauƙi, shugaban hukumar zai ga taimako ne daga Allah. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Abin da ke faruwa shi ne mutum biyu sun zauna sun daidaita a kan gonar na uku, shi kuma ba a kira shi ba. Kuɗin da ya kamata ya zama diyyar manomi ya koma hayar hukuma.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokokin da suka kafa hukumomin ruwa na jihohi, waɗanda na karanta a cikin aikina, suna ba hukuma ikon shiga fili ta shimfiɗa bututu, suna kuma ba ta ikon mallakar kadara da ba da hayarta. Ba su tsaya sun ce hanyar bututu ba ta cikin kadarar da ake ba da haya ba. A wannan shirun ake fakewa.

Yadda kotuna suka kalli irin wannan

Inda aka fi gwabza wannan rigima a gaban alƙalai shi ne Amurka, domin can ƙungiyoyin ruwa da na wutar karkara suna riƙe da dubban irin waɗannan takardun izini tun shekarun 1930. Hukuncinsu ba ya ɗaure kotunanmu, amma tushen dokar wucewa ɗaya ne a wurinmu da su, daga dokar Ingila muka gaje ta.

A jihar Teksas, a 1939, wasu masu gona suka ba ƙungiyar wutar karkara ta gundumar Hill izinin kafa layin lantarki a filinsu. A 1991 ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin talabijin na waya ya rataya wayoyinsa a jikin turakunta. Waɗanda suka mallaki gonar daga baya suka kai ƙarar kamfanin Marcus Cable mai wayoyin talabijin ɗin. A 2002 Kotun Ƙolin jihar ta ce izinin na lantarki ne, wayar talabijin ba lantarki ba ce, don haka kamfanin kutse ya yi. Kamfanin ya kafa hujja da cewa wayarsa ba ta ƙara wa gonar wani nauyi ba, kuma jama'a na amfana. Kotun ta ce abin dubawa shi ne abin da aka rubuta a takardar, amfanin jama'a ba ya faɗaɗa izinin da mai fili bai bayar ba.

A jihar Mizuri kuma ƙungiyar wuta ta Sho-Me ta sa wayar sadarwa a kan layukanta don aikin kanta, sannan ta shiga sayar da rarar ga 'yan kasuwa. Dubban masu filaye suka haɗu suka yi ƙara, a 2015 aka yanke musu diyyar da ta haura dala miliyan 79. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 2017 ta rushe wannan adadin, ta ce a sake lissafi, amma ta tabbatar da cewa kutse aka yi. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina: jihohi irin su Indiyana a 2017 da Teksas a 2019 sai da suka yi sababbin dokoki kafin ƙungiyoyin wuta su iya bin tsofaffin hanyoyinsu da wayar intanet. Wato ikon raba hanya ba ya zuwa da kansa, sai majalisa ta bayar a fili, ta kuma faɗi sharuɗɗansa. Idan siririyar waya a jikin turken da ya riga ya tsaya ta jawo wannan, ina ga sababbin turaku da siminti a tsakiyar gona?

A gida Najeriya, kotunanmu sun fi yin magana a kan ɗaya ɓangaren, wato idan gwamnati ta karɓe fili da sunan amfanin jama'a sannan ta miƙa wa ɗan kasuwa. A shari'ar Ereku ta 1974 Kotun Ƙoli ta rushe karɓe wani fili da gwamnatin tsohuwar jihar Tsakiyar Yamma ta yi ta ba kamfanin McDermott haya, ta ce wannan ba amfanin jama'a ba ne a idon doka. Amma a shari'ar Lawson da Ajibulu ta 1997 kotun ta yarda cewa gwamnati na iya cim ma amfanin jama'a ta hannun kamfani mai zaman kansa. Saboda haka ba na ba ku shawarar ku dogara da cewa "ai kamfani ne, ba gwamnati ba". Samar da wuta ga gari abu ne da alƙali zai iya karɓa a matsayin amfanin jama'a cikin sauƙi. Hujjarku mai ƙarfi ita ce ta hanya: ko da aikin na jama'a ne, akwai ƙofar da doka ta tanada a bi, kuma hukumar ruwa ba ita ce ƙofar ba. Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, tana da ƙa'idoji tun 2012 a kan yadda aikin wuta zai samu fili da hanya, kuma sun sa tattaunawa da masu fili a gaba da tilastawa. Bututun mai da gas ma suna da tasu dokar tun 1956, mai lasisinta da diyyarta. Kamfanin da ya karɓi wasiƙa daga hukumar ruwa ya ce ya gama, ya tsallake duk wannan.

Akwai kuma lissafin da 'yan safiyon ba su yi muku ba. Ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta ware faɗin mita 11 ga layi mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33, mita 30 ga mai 132, mita 50 ga mai 330. Taku goma sha biyun da ka ambata bai wuce mita 10 ba. Kuma ba injiniyan da zai kafa turke a kan bututu, dole ya matsa gefe. Da zarar ya matsa, rabin hanyar wutar ya faɗa cikin gonar da ko hukumar ruwa ba ta taɓa cewa tata ce ba. Idan layin mai mita 30 ne kuma ya yi tafiyar mita 300 a gonarku, murabba'in mita 9,000 ke nan, kusan hekta guda da ba za ku ƙara dasa mangwaro ko gina rumbu a cikinta ba.

Shi kansa ruwan fa?

Wannan ɓangaren ya fi damuna fiye da diyya, domin diyya ta mutum tara ce, ruwan kuwa na gari ne. Ni ba injiniya ba ne, abin da zan faɗa na koya ne daga injiniyoyin da na kira shaida ko muka zauna teburin sulhu da su. Babban layin wuta idan ya yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da bututun ƙarfe, yakan jefa wa bututun wuta ba tare da sun taɓa juna ba. Wannan na cin ƙarfen a hankali, yana kuma iya jan ma'aikacin da ya kama bawul da hannu. Ana maganinsa, amma sai an yi awo an kashe kuɗi tun farko. Mai kuma idan ya tsiyaya cikin ƙasa yana iya ratsa jikin bututun roba ya shiga ruwan sha, ko da bututun bai fashe ba.

Ranar 22 ga Afrilun 1992 unguwanni suka tashi da fashewa a birnin Gwadalahara na ƙasar Meziko, tituna na tsawon kilomitoci suka tsage, mutum sama da 200 suka mutu. Bincike ya gano cewa an shimfiɗa bututun ruwa dab da bututun fetur, ƙarafan biyu suka ci juna a cikin danshi har na fetur ya huje, man ya gangara magudanar ƙazanta ya taru.

Ba sai an kai ga haka ba ma. Na taɓa tsayawa a bakin wani rami da damina, inda babban bututu ya fashe a wurin da aka kafa turken wuta taku uku daga jikinsa. An kawo motar haƙa, direban ya ɗaga kai ya dubi wayoyin, ya dubi gindin turken da ruwa ya fara zaizayewa, ya ce shi ba zai ɗaga hannun motar a nan ba. Sai da aka nemo masu kashe wutar, su kuma suka ce sai izini ya zo daga sama. Leburori suka shiga da diga da shebur, taɓo har gwiwa, suna kwarfar ruwa da bokiti. Aikin yini ɗaya ya ci kwana huɗu. A kwana na uku na ga yara da jarkoki sun yi layi a bakin ramin suna ɗiban ruwan da ke malala, 'yan garuwa kuma sun ninka kuɗin kura. Hanyar bututu ba fili ne da ya rage ba a amfani da shi ba. An bar ta fayau ne saboda irin wannan ranar, da kuma ranar da gari zai girma a buƙaci bututu na biyu a gefen na farko.

To a hana gaba ɗaya?

A'a, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokan aikina. Idan aka ce kowane aiki sai ya yanki sabuwar hanyarsa, gonakin da za a tsaga sun ninka. Sau da yawa haɗa hanya shi ne ya fi sauƙi ga manoman kansu. A jihar Gujarat ta Indiya, a 2012, an shimfiɗa faifan sola na megawat 1 a saman wata magudanar ban ruwa ta Narmada, aka samu wuta ba a karɓi gonar kowa ba, inuwar kuma ta rage ƙafewar ruwa. Duk wanda ya san manyan magudanan aikin noman rani na Kadawa da Kura zai ga abin da ake nufi. Ita ma matatar ruwa ba ta aiki sai da wuta, layin da zai kai mata wuta ta hanyar bututunta hidimar ruwa yake yi, ban ga dalilin hana shi ba.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan babi tun da daɗewa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Da magana ta je gaban Sayyidina Umar, ya tambaye shi don me zai hana ɗan'uwansa abin da zai amfane shi, alhali shi ma zai sha daga ruwan farko da ƙarshe, kuma ba zai cutar da shi ba, sannan ya yi umarni a wuce da ruwan. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne an kira mai gonar, an ji ta bakinsa, an auna amfaninsa da cutarsa, kuma shugaba mai ikon hukunci ne ya yanke. Ba wani maƙwabci ne ya ba da izini a madadinsa ba.

Dokar da nake fata majalisun jihohinmu su yi ba doguwa ba ce. Ta ce hukumar ruwa ba ta da ikon ba wani hanyar bututunta, da haya ko kyauta, matuƙar wucewa kawai take da shi, sai da yardar mai gona a rubuce ko bayan an bi hanyar karɓar fili da doka ta sani. Ta ce abin da hukumar za ta iya bayarwa shi ne shaidar cewa ba ta da ƙorafi, bayan injiniyan da ba na kamfanin ba ya tabbatar aikin ba zai taɓa bututun ba, ya kuma bar wurin bututu na gaba. Ta raba tsakanin layin da zai yi wa ruwa hidima da wanda za a yi kasuwanci da shi. Ta hana mai da gas tafiya a jere da bututun ruwan sha in ba tsallakawa ba. Wanda na fi ba muhimmanci kuma: duk yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla a kan hanyar bututu a manna ta a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan dagaci, da Hausa, kafin a kafa turke ko ɗaya. Yawancin rigingimun da suka zo teburina, da mutane sun ji labari wata uku kafin zuwan 'yan safiyo, da ba su zama rigima ba.

Za a ce wannan zai jinkirta aiki ya ƙara masa tsada. Zai ƙara, gaskiya ne. Amma tsadar tana nan tun asali, manomi ne ake sa ya ɗauke ta shi kaɗai.

Abin da za ku yi yanzu

Kada ku tumɓuke turakun, kada ku yi faɗa da 'yan safiyo, 'yan aike ne, kuma hakan zai mayar da maganar fili ta koma ta 'yan sanda. Ku ɗauki hotunansu da kwanan wata, ku auna nisan kowanne daga layin bututun, ku ƙirga itatuwa da duk abin da ke cikin zirin tun kafin a sare.

Ku tara ɗin nan ku zauna ku wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce, kowa ya sa hannu, har da mata. Na sha ganin kamfani ya samu ɗan'uwa guda a kasuwa ya ba shi abin goro ya sa hannu, daga baya a ce iyali sun yarda. Idan an raba gadon, ku nemo takardar kotun da ta raba. Rashin takardar shaidar mallaka ba ya kashe haƙƙinku, sashe na 36 na dokar 1978 ya san da wanda ke noma gonarsa a karkara tun kafin dokar, dagaci da maƙwabtan gona kuma shaidu ne.

Sannan ku rubuta wa hukumar ruwa da kamfanin, ku ba ma'aikatar ƙasa da safiyo kwafe, ku karɓi hatimin shaidar an karɓa. Ku nemi abu uku: takardar da hukumar ke dogara da ita cewa zirin nata ne, kwafen izinin da ta ba kamfanin, da ƙarfin layin da faɗin da zai ci. Ku tambayi kuma ko an yi nazarin tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar muhalli ta 1992 ta ce a baje rahotonsa ga jama'a. Ku binciki wanda ya ba kamfanin bashi. Idan akwai kuɗin Bankin Duniya ko reshensa na IFC mai ba kamfanoni bashi a ciki, ƙa'idarsu ta wajabta biyan diyyar da za ta maye abin da aka rasa ko da hanya kawai aka bi, suna kuma da ofishin karɓar koke, kuma kamfanoni na jin tsoron wannan fiye da sammaci.

Ku nemi maƙwabtan da bututun ya ratsa gonakinsu, gaba da baya. Gona ɗaya ana iya kewaye ta, gonaki arba'in a jere ba a iyawa. Kada kuma ku yi sanyin jiki wurin ganin lauya a jiharku, domin dokokin hukumomi da yawa suna buƙatar a ba su sanarwa, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu, akwai kuma wa'adin da ƙara ke mutuwa idan ya wuce. Umarnin dakatar da aiki ya fi sauƙin samu tun turakun na katako ne masu jan fenti, kafin a zuba siminti.

Idan aka zo zama, kada ku tsaya a kan kuɗin shukar bana kaɗai. Ku sa a rubuta inda kowane turke zai tsaya, wace hanya motocinsu za su riƙa bi, wa zai biya idan suka shigo gyara da damina suka tattake shuka, da cewa izinin na wannan layin ne shi kaɗai, ba za a ƙara wani a kai ko a miƙa wa wani ba sai an dawo gare ku. A rubuta shi da Turanci da Hausa, a karanta wa kowa a gaban dagaci, kowane magaji ya riƙe kwafensa.